Ranar da Malam Filibus Ya Matsar da Raga

Duk wanda ya buga ƙwallon manya tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni a shekarun farko na dawowar farar hula ya san Malam Filibus, wanda ake kira Ciyaman. Mutumin Zonkwa ne, aiki ya kawo shi Kano tun zamanin soja, yana koyar da lissafi a wata sakandare. Gajere ne siriri, ga gilashi mai kauri, ga tsohon babur da sai an tura yake tashi. Ƙwallo kuwa bai iya ta ba ko kaɗan. In ka ba shi fenariti raga ba gola, to sai dai a je a nemo ƙwallon a bayan katangar makaranta.

Abu na biyu da aka san shi da shi shi ne tsoro, kuma shi kansa bai taɓa musu ba. Ba kare yake tsoro ba, ba ɓarawo ba. Taron jama'a yake tsoro. A rikicin da aka yi a Kano a 1991, a ɗakin ajiyar hatsi na wani maƙwabcinsa Musulmi ya ɓuya shi da matarsa Hannatu da jaririyarsu, suna jin gudun mutane a lungu. Tun daga nan kunnensa ya koyi bambanta hayaniyar jama'a. Ya san ta murna, ya san ta gardama, ya kuma san wata iri da takan fara da yin shiru. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

To amma ka ji ikon Allah, wannan matsoracin taron shi ne ya kafa abin da ya fi komai tara jama'a a yankin. A 1999 shi da abokinsa Mahmud, wani nas a asibitin koyarwa, suka ga magidanta masu tumbi suna taruwa ranar Asabar a filin bayan wata firamare, suna buga tamaula ba tsari, kullum a tashi da musu. Suka raba su kulob huɗu: ma'aikatan asibiti, malaman makaranta, 'yan kasuwar Tarauni, da makanikai. Malam Filibus ya tsara dokoki, kuma kowace doka in ka bincika tsoro ne ya haife ta. Wanda bai kai shekara talatin ba ba ya bugawa, don yara sun fi saurin hannu. Da an kira sallah a busa usur, kowa ya tsaya. Ba a shigo da hoton ɗan takara fili. Ba a jefa kwabo don zaɓen raga, saboda an taɓa yin faɗa a kan kwabon, sai ya ce kulob ɗin da ya fi maki shi ke fara tsayawa a ragar gabas. Ranar wasa kuma shi da kansa yake zuwa da sassafe ya ja layin fili da toka, wadda yake karɓa wajen Uwani mai ƙosai a bakin ƙofar makarantar.

Abu ya karɓu. Kafin shekara uku kulob sun kai goma sha biyu, har daga Hotoro da Unguwar Gano da Darmanawa. Zamanin siyasa ne, kowane kansila yana son a ga kyautarsa, wannan ya kawo jesi, wancan ya kawo kofi. Sai dai duk inda ɗan siyasa ya sa ƙafa, akwai samarin da ke biyo shi, kuma ba ƙwallo ce ke kawo su ba. Malam Filibus yakan tsaya a gefen fili da usur ɗin ko-ta-kwana a wuya, kowa na kallon wasa, shi yana kallon 'yan kallo.

A gida ma bai huta ba. Tun da aka yi rikicin Kaduna, aka zo aka yi na Jos, Hannatu ta cusa kayan yara da takardun makaranta a jakar bakko ta tura ƙarƙashin gado. Takan ce masa mutane na neman inda za su raɓe, shi yana gayyato gari guda ya tsaya a tsakiyarsu. Shi kuma yakan ce mata gara mutane su san juna a fili, wanda ka sha ruwan leda ɗaya da shi ba zai ɗaga maka hannu ba. Yana faɗa yana son ya yarda da abin da yake faɗa.

Wasan ƙarshe na shekara ta uku ya faɗo tsakanin Darmanawa da kulob ɗin Malamai. Darmanawa kusan duk Musulmi ne. Malamai kuwa, ban da mutum uku, 'yan Filato ne da Kudancin Kaduna. Ba wanda ya shirya haka, ƙwallo ce ta kawo. Amma tun a farkon makon Malam Filibus ya fara jin “namu” da “nasu” a bakin masu shayi.

Darmanawa suna da gola mai suna Isyaku, wani tela dogo mai shiru-shiru, wanda tun da aka fara gasar bana ba a zura masa ƙwallo ko ɗaya ba. Gari ya ɗauka asiri yake yi. Malamai kuma suna da ɗan gaba, Stephen, mutumin Pankshin, mai ƙarfi da saurin fushi, wanda bai daɗe da zuwa Kano ba.

Ranar Juma'a da yamma, gobe wasa, Stephen ya samu Malam Filibus a ƙofar gida yana haki. Ya ce da idonsa ya ga Isyaku tsugune a gindin sandar ragar gabas bayan 'yan makaranta sun watse, ya tona rami ya binne wani ƙaramin abu ɗinkakke da fata. Ya ce su a gida sun san maganin irin wannan. Gobe kafin a busa usur zai je ya tono abin a gaban kowa ya yi masa fitsari, don fitsari ke karya asiri, haka ake yi a kowane filin ƙwallo a garinsu.

Malam Filibus ya zauna a kan dakali. Shekara goma sha biyar a Kano sun ishe shi ya san mene ne laya, ya kuma san abin da akan rubuta a naɗe a cikinta: ayoyi ko sunayen Allah. Stephen bai san wannan ba, shi a wajensa ƙulli ne irin na boka. Malam Filibus ya hango Kirista a tsaye kan laya a gaban ɗaruruwan mutane, ya hango abin da zai biyo baya kafin magariba, a Tarauni da ma inda ba Tarauni ba.

“Stephen, ka rufa mana asiri,” ya ce. “Abin nan ba irin na gida ba ne. Ko da yatsa kada ka taɓa shi.”

“To Ciyaman, mu bar shi ya cuce mu ke nan?”

Ya yi masa bayani, ya roƙe shi, har ya ce zai cire shi daga wasan. Stephen ya ce to, amma irin to ɗin da ba ta wuce leɓe ba. Ya tafi yana ƙunƙuni cewa muddin abin na gindin raga, shi bai ga wasa ba.

Mai hankali zai ce ya nemi Mahmud, Musulmi ya je ya yi wa Musulmi magana. Ya neme shi, aka ce yana bakin aiki sai gobe da rana, kuma lokacin wayar hannu ba ta shiga hannun malamin makaranta ba. Ya yi tunanin zuwa wajen Isyaku da kansa, sai ya tambayi kansa da wane baki Kirista zai je ya ce wa mutum kana tsafi, ana gobe wasan ƙarshe. Ya tono layar da hannunsa kuwa, wannan ko a mafarki. Hannatu ma bai gaya mata ba, don ya san jakar bakko za ta jawo. Tsoro yana da wannan mugun hali, yakan sa mutum ya yi shawara da kansa shi kaɗai, ya kuma ga shawarar ta yi kyau.

Dabarar da ta zo masa ta malamin lissafi ce. Tunda ba a iya ɗauke laya daga raga, sai a ɗauke raga daga laya. Sandunan bututun ƙarfe ne marasa nauyi, ba a zuba musu siminti ba, a rami kawai ake kafa su. Gari na wayewa ya ɗauki dagi da tsintsiya ya nufi fili. Ya jijjige ragar gabas a hankali, yana kaffa-kaffa da gindin sandar kamar mai tsallake wuta, ya ja ta gaba ya ɗan karkata kudu, ya kafa. Ya matsar da ta yamma daidai da haka. Ya cike tsofaffin ramukan, ya share wurin tas har ba alamar an taɓa kafa wani abu, sannan ya karɓi toka wajen Uwani ya ja sabon layi. Filin fetal ne ba bishiya ba dutse, ba mai lura an ɗan gusa. Layar yanzu tana can bayan raga, wajen fili.

Da Stephen ya iso ya ja shi gefe ya raɗa masa abin da ya yi. Stephen ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Ciyaman ya fi boka. Malam Filibus ya ji wani sanyi a ransa, karo na farko a makon.

Bayan la'asar fili ya cika ya batse, har kan katanga mutane ne. Bayan ragar gabas ma aka yi cincirindo, masu rake da masu ruwan leda da samarin kansiloli, duk suna tattake wurin. Ana dab da tafiya hutun rabin lokaci Stephen ya samu ƙwallo ya ɗirka, ta wuce ta ƙarƙashin hannun Isyaku ta shige raga. Rabin fili ya ɗauki sowa, rabi ya yi tsit.

Abin da Malam Filibus bai sani ba, kuma da ya tambayi ko mutum ɗaya na Darmanawa da ya ji, shi ne Isyaku ba ya barin layarsa a raga ɗaya. Wanda ya ba shi ita ya ce ta kwana a ƙasa, in an juya kuma ya tono ta ya tafi da ita ɗaya ragar. Don haka ana busa hutu Isyaku ya tsuguna a gindin sanda ya sa hannu. Ya tona, ya ƙara tonawa, ya koma ɗaya sandar ya tona. Sannan ya miƙe da ƙasa a hannunsa ya ce an tone masa laya.

Maganar ta bi taron baki-baki, kuma tana tafiya tana girma. A kusa da raga laya ce aka tone. Kafin ta kai katanga ta zama an wulaƙanta ayar Allah. Wani ya tambayi wa ya zo filin da safe. Uwani, baiwar Allah, ba da wata manufa ba, ta ce ai ba wanda ya zo sai Ciyaman, shi ta gani da dagi yana haƙa a gindin raga tun rana ba ta fito ba.

Sai ga shirun nan da Malam Filibus ya sani. Yana tsaye a tsakiyar fili ya ga fuskoki suna juyowa gare shi ɗaya bayan ɗaya. Mutane suka fara matsowa, ba da gudu ba. Ya hango 'yan kulob ɗin Malamai sun taru wuri guda sun yi tsuru-tsuru, wasu na waigen ƙofa. Ya tuna Hannatu da yara suna gida, ƙofa ko sakata ba a sa ba. Wani saurayi da bai taɓa gani ba ya cakumi wuyan rigarsa, gilashinsa ya faɗi, aka taka. 

Mahmud ne ya ratsa taron, ko rigar aiki bai cire ba, ya ɓamɓare hannun saurayin ya tsaya a gaban abokinsa. Ya ce a bar mutum ya yi magana. Malam Filibus ya faɗi gaskiya: bai taɓa layar ba, raga ya matsar, layar na nan inda mai ita ya binne ta. Sunan Stephen kuwa bai ambata ba, ya ce shi dai ya ji labari ne ya ji tsoron kada a taka ta.

“To nuna mana wurin,” in ji wani daga baya. “In ba a same ta ba fa, ka san sauran.”

Aka kora mutane daga bayan raga. Malam Filibus ya duba wurin. Shi da kansa ya share alamar ramukan da safe, ga ƙafafun jama'a sun tattake ƙasar ta zama ɗaya, ɓawon rake da leda ko'ina, ga shi ba gilashi. Garin gyaran gira yana shirin rasa ido. Ya ƙiyasta, ya nuna wani wuri da yatsa daga nesa. Mahmud ya durƙusa ya tona da hannu har ya kai ƙasa mai tauri, babu komai. Isyaku ya ce a gwada nan, aka gwada, babu. Da'irar mutane ta ƙara matsewa. Malam Filibus yana jin numfashinsu a ƙeyarsa, ya kuma ji ƙarar wani abu na ƙarfe da aka ja a ƙasa a bayansa, bai waiwaya ba. A ransa ya fara addu'ar da uwarsa ta koya masa da yarensu, ya kasa kai ta ƙarshe.

Mahmud ya miƙe yana gumi, ya daka wa mutane tsawa su ja baya su ba shi iska. Ya tuɓe rigar aikinsa ya dunƙule ta ya ajiye a gefen gwiwarsa, ya sake durƙusawa a wuri na uku, ya sunkuya sosai yana tona da hannu biyu. Can sai ya tsaya. Ya ɗago da wani ɗan abu na fata, ya yi bismillah, ya hure ƙasar da ke jikinsa, ya miƙa wa Isyaku.

Isyaku ya karɓa ya juya ta a tafin hannunsa. Ya daɗe yana kallonta, har wani ya ce ya yi magana mana. Ya ɗago ya dubi Mahmud, ya dubi Malam Filibus da rigarsa a yage, ya dubi samarin da ke bayansu.

“Ita ce,” ya ce. “Ba abin da ya same ta.”

Nan take taron ya saki. Wani dattijo ya shiga yi wa Isyaku faɗa a kan binne sunan Allah a inda ake tattakawa, waɗanda ɗazu suke huci suka koma cewa ai dama Ciyaman mutumin kirki ne, wani har ya tsinto masa karyayyen gilashinsa ya kawo. Aka koma wasa. Darmanawa suka rama, suka ƙara, suka ɗauki kofi. Malam Filibus ne ya miƙa shi, da hannu biyu.

Bayan magariba, fili ya watse, Mahmud ya taya shi tura babur zuwa gida. Malam Filibus yana ta godiya, yana cewa Allah ne ya sa ya nuna wurin daidai a karo na uku. Da suka kusa kwanar gidan, Mahmud ya tsayar da babur ɗin.

“Malam Filibus, ba ka nuna daidai ba. Tawa ce. Inna ta ɗaura min ita a damtse tun ina yaro, na ciro ta tare da rigar.”

Malam Filibus ya riƙe kan babur ɗin gam. “Isyaku fa?”

“Tela ne. Shi ya ɗinka wa tasa fata da hannunsa. Kallo ɗaya ya san ba ita ba ce.”

Washegari Lahadi Mahmud da Isyaku suka koma filin su biyu kamar masu gyaran wuri, suka tone bayan ragar nan gaba ɗaya, ba su ga komai ba. Ko tana can ƙasa a inda ba su kai ba, ko wani ya tsince ta tun ranar ya yi shiru, ba wanda ya sani. Isyaku ya mayar wa Mahmud tasa, ya ci gaba da tsaron raga ba laya, kuma bai taɓa ɗaga maganar ba ko a gaban 'yan kulob ɗinsu.

Malam Filibus bai bar Tarauni ba, bai kuma saki gasar ba. Ya ƙara shekaru yana jan ta, har kulob suka kai ashirin, har aka samu fili na biyu a Hotoro. Mutane suna yabonsa da ƙarfin hali, shi kuwa ya san tsoro ne ya hana shi tafiya. In ya tafi, wa zai san akwai abin da ke kwance a bayan ragar gabas, wanda ɗaruruwan mutane suka shaida an riga an same shi? Ranar da ya fito, ƙaryar mutum biyu za ta tonu, kuma kowa ya san don wa aka yi ta.

Shi ya sa duk damina, in an kwana ana ruwa, ruwan ya zaizaye ƙasar filin ya yi kwari-kwari, shi ne mutum na farko da ke isa wurin. Uwani tana hura wutar ƙosai takan gan shi a bayan raga, ya sunkuya da sabon gilashinsa yana bin kowane kwari da kallo, a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan. Ta sha tambayarsa abin da ya yar, yakan ce mata ba komai. Hannuwansa kuwa kullum a baya suke, ɗaya ya riƙe ɗaya.